Kaza Ɗaya, Ƙwan Zabi Goma

Kuna cewa kaza ita ke kiwon kanta. Na ji ku jiya a bakin turmi. Wai a watsa mata dusa da safe, ta tafi tono, da maraice ta shiga akurki, shi ke nan sana'ar tsohuwa. To, ku zauna. Ni ba mai dogon zance ba ce, amma wannan zan kai muku shi ƙarshe. An yi shekarar da kaza ɗaya tak ta rage a garin nan, a hannuna take, kuma saura kaɗan in kashe iri da hannun nan nawa.

Aikin farko da aka ba ni a gidan Gwaggo Kande, ƙanwar ubana, shi ne tukunyar gara. Lokacin ban isa ɗaukar tulu ba. Garin nan bai wuce gida ashirin ba, ƙasar Dakoro duk daji ce, sai ƙaya da rijiyoyin makiyaya. Gwaggo ta ba ni tsohuwar tukunya mai tsaga, ta ce in cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara, in yayyafa ruwa, in kife ta a kan hanyar gara, in rufe da ganye. Washegari da sassafe in ɗauko, kafin rana ta yi zafi garar ta koma ƙasa. Ranar farko na makara. Na kawo tukunya babu kome ciki sai kashin shanun da na zuba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in je in gaya wa ƴan tsakin da bakina cewa yau babu abinci. Na tsaya a kansu, suna kewaye ƙafata suna kuka. Ban ƙara makara ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu na saye a ciki. Akurki na laka, mu ke gina shi da kanmu a rani, da ƙofa ƙarama da murfin dutse saboda tunku da muzuru. Toka, a zuba a gurbi saboda ƙuma. Kasko na ruwa, a jera tsakuwa a ciki, don tsako wawa ne, ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana iya cinye shi. Ɓawon maɗaci a jiƙa a ruwan shan su in an ga suna ƙudundunewa. Sai masaki babba mai ɓula a gindi, wanda ake kife wa ƴan tsaki in shirwa ta fara shawagi. Gwaggo tana jin shirwa kafin ta gan ta. Da zakara ya yi wani guntun kuka, sai ka ga tsohuwa ta yar da taɓarya ta nufi masaki.

Sanin ƙwai ya fi ɗaukar mini lokaci. Gwaggo takan cika ƙwarya da ruwa ta sa ni in riƙa sakawa ɗaya ɗaya. Na yau, kwantawa yake yi a ƙasa. Wanda ya kwana biyu sai ya tsaya a kan tsininsa. Wanda ya taso sama, a jefar da shi nesa da gida. Wannan na sayarwa ke nan. Na kwanci kuwa ba a wanke shi, ba a taɓa shi da hannun da ya taɓa man shanu. A yi masa zane da gawayi, don a gane shi da wanda wata kaza za ta zo ta ƙara daga baya. In ya yi kwana bakwai ƙarƙashin uwa, sai a shiga ɗaki da rana tsaka, a nemi inda haske ke shigowa ta ɓular jinka, a naɗe hannu a riƙe shi a wurin. Mai rai za ka ga jajayen zaruruwa a ciki kamar yanar gizo. Wanda ba kome, haske ke ratsa shi fes. Wanda ya lalace, shi ne baragurbi, in ka kaɗa shi kusa da kunne ruwa za ka ji. Na taɓa fasa ɗaya a zanen Gwaggo. Kwana uku ba wanda ya zauna kusa da ita, ita kuma ba ta zauna kusa da ni ba.

Zabi su ne dukiyar, kaji masu reno ne. Zabuwa sai damina take yin ƙwai, kuma ba ta yi a gida. Can cikin sabara take ɓoyewa, su taru su uku su huɗu suna zubawa a gurbi ɗaya. Sai ka bi ta daga nesa da hantsi, kana yi kamar itace kake nema. In ka gano gurbin, ba a sa hannu. Da ludayi ake kwasa, a bar mata biyu, in ba haka ba ta sake wuri. Ƙwanta ƙarami ne, mai tsini, ɓawon kamar dutse. Amma ba ta da haƙurin kwanci, ko ta ƙyanƙyashe, cikin raɓa take jan ƴaƴan su mutu. Shi ya sa kaza ake sa wa.

Nan ku buɗe kunne. Ƙwan kaza Juma'a uku yake yi ya fashe. Na zabuwa Juma'a huɗu. A gidan Gwaggo da damina ba a rasa kaji biyar ko shida a kwance. Mukan haɗa wa kaza nata da na zabi. In ta cika Juma'a uku ta tashi da ƴaƴanta, sai a kwashe na zabin da ɗuminsu a tura ƙarƙashin wata mai kwanci, ta ƙarasa. Ni nake wannan aikin. Na ɗauki ƙwai a bakin zane daga gurbi zuwa gurbi ya fi sau ɗari. Gwaggo ba ta bayani, nuni take yi. Ni kuma ban taɓa tambaya ba, don kullum akwai wata kazar.

Masu sayen kayanmu iri iri ne. Fatake masu wucewa kudu da jakuna, dafaffen ƙwan zabi suke so, don ba ya fashewa a mangala. Matan Fulani su kawo nono da man shanu su tafi da sagara, wato budurwar kaza, amma sai sun busa gashin ƙirjinta sun ga tsoka. Malamai su aiko a nemo farin zakara na sadaka, fari fat, ko gashi ɗaya baƙi aka gani a dawo da shi. Gidan da aka haihu kuwa ba a jira su zo, kai kake kai wa mai jego. Buzaye su ne ba ruwansu da mu. Ba su cin kaza, ba su cin ƙwai. Matansu in sun zo da gishiri, su tsaya bakin danga su rufe hanci suna dariya, wai muna cin abin da ya fito ta bayan tsuntsu. Gwaggo takan ce musu gishirin nasu ma a kan ƙwan yake ƙarewa. Kwanaki ne masu daɗi. Da hantsi gidan nan ba ka jin maganar mutum saboda kyarkyarar kaji da ƙarar zabi.

Da aka yi mini aure, Gwaggo ta ba ni kaji huɗu da zakara cikin kwando. Mai gidana, Nomau, Bagobiri ne, mu kuwa Katsinawa, don haka shi da Gwaggo ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ita ta ce in ƙirga kajina kullum, Bagobiri ba a ba shi amanar nama. Shi ya ce ai Bakatsine ko tuwo zai ci sai ya tsoma shi a ruwa ya ga ko zai taso. Cikin shekara goma garkena ya fi nata.

Sai mugunyar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki bai fito ba. Abin da ya tsira, fara ta cinye. Kafin rani ya raba, an koma cin ƴaƴan anza masu ɗaci da tsabar ƙarangiya. Mutane suka fara yanka kaji. Waɗanda ba a yanka ba, ciwo ya shigo musu. Kaza ta tsaya ta saki fiffike, wuyanta ya murɗe baya, ta yi koren zawo, gobe a jefar. Maɗaci bai yi kome ba. Zabi ma da suka fi ƙarfin jini, suka bi. Na gidan Gwaggo suka ƙare kaf cikin kwana goma. Idonta ya riga ya tafi a lokacin, mijinta ya rasu, muka ɗauko ta muka sa ta a ɗakin da ke ƙarshen gida, bayan rumbu.

Ranar da na ga kaza ta farko ta saki fiffike, na kama guda uku da ba su haɗa kasko da ita ba, na kai su bukkar gonarmu ta nesa, tafiyar hantsi daga gari. Ɗaya shaho ya ɗauke. Ɗaya muka yanka ranar da Nomau ya faɗi a bakin rijiya da guga a hannu. Ta ukun, wata ƴar ƙarama mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, irin da muke kira wake-wake, ita ta rage. Sau biyu ana aiko mini a kan in sayar, sau ɗaya Nomau ya tsaya yana kallon ta ya daɗe. Na ce masa in ya yanka ta, ya haɗa da ni. Bai ƙara kallon ta ba.

Kaza ba zakara, ƙwanta na ci ne kawai. A garin nan an yi wata huɗu ba a ji cara ba. Da bazara ta kusa ƙarewa na ji labarin wani tsoho a Mai Yara yana da zakara ɗaya. Na sa Wake-wake a kwando na ɗora a kai. Mata a bakin rijiya, da yunwar da kome, suka yi ta dariya, suna tambaya ina ƴan rakiyar amarya, wa zai yi guɗa. Na kai ta, ta kwana biyar, na dawo da ita gida. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka da ɗan irin da aka ɓoye. Ta yi ƙwai bakwai. Biyu na dafa wa Gwaggo, biyar na bar mata. Ta fara zama a gurbi tana kumbura gashi in an matso.

A ranar nan, ranar Juma'a ce, Nomau ya dawo daga gona kansa ba malfa, malfar tana hannu cike da ciyawa. Ya gano gurbin zabin daji a gindin sabara. Guda goma, masu sanyi, ba a fara kwanta musu ba. Mutumin da rabonsa da ƙoshi wata shida, ya ɗauko su tun daga can bai fasa ko ɗaya ba. Gwaggo da ta ji, ta ce lallai duniya ta kusa tashi, Bagobiri ya ga ƙwai ya kawo gida. Ni kuwa ban tsaya tunani ba. Hannuna ya yi abin da ya saba. Na zana musu gawayi, na tura su ƙarƙashin Wake-wake tare da nata biyar.

Kwana goma da yin haka, Gwaggo ta ce in kai ta ta taɓa. Na riƙe mata hannu har bakin akurki. Ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin kazar, tana lalube ɗaya ɗaya. Ta tambaye ni ko rana ɗaya na sa su. Na ce rana ɗaya. Ta zare hannunta ta goge a zane.

"To, in ta tashi da nata, wa zai karɓi na zabin?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Da na sa na zabin tukuna, na jira Juma'a ta zagayo sannan na ƙara nata, da rana ɗaya za su fashe. Shekara ashirin ina aikin nan ban san wannan ba, don ban taɓa zama da kaza ɗaya ba.

Hanya biyu ce kawai. In bar ta ta tashi da ƴaƴanta, in tsira da uwa da ƴan tsaki, zabi goma su mutu a cikin ɓawo saura kwana bakwai. Ko in sace mata ƴaƴan da sun fito, ta ga saura ƙwai a gurbi ta ci gaba da kwanci. A shekarar ƙoshi ma kaza mai kwanci rama take yi. Wannan kuwa da yunwa ta shiga. Nomau ya ce a bar ta ta tashi, abin da ke hannu ya isa, zabi Allah zai kawo wasu. Na ce masa daji ya ƙone, an farauce zabin an cinye, gurbin nan wataƙila shi ne na ƙarshe tsakaninmu da Tarka. Na juya wajen Gwaggo. Ta ce kazar tawa ce, ɓarnar ma tawa ce, kada in nemi wanda zan rataya wa.

Juma'a ta uku da hantsi na ji ƙaramin kuka a gurbi. Na zauna a bakin akurki. Duk wanda ya fito ya bushe, in zura hannu ta bayanta in zare shi in tura cikin zane. Ta sassare ni har jini. Huɗu suka fito, na biyar baragurbi ne. Abin tsoron shi ne ta ji muryarsu, don in ta ji, tashi za ta yi ta bi. Ɗakin Gwaggo shi ya fi nisa. Na zuba kaɗa, wato auduga, a ƙoƙo na sa su ciki, Gwaggo ta karɓa ta tura ƙoƙon cikin zanenta a kan cikinta, ta ja mayafi ta rufe. Haka ta zauna kwana bakwai, ba ta fita sai don alwala da salla. Nomau yakan leƙa ya ce mata sannu da jego. Ita ta ce ya shirya ragon suna, in Gobirawa sun san abin da ake kira rago.

Wake-wake ta tashi sau ɗaya a ranar. Ta fito ta kewaya akurki tana kira. Ba wanda ya amsa. Na tsaya bayan rumbu ina kallo, ban motsa ba. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta koma ta gyara ƙwan da baki ta kwanta.

Kwanakin nan bakwai tukunya uku nake kifewa. Garar nake rabawa, rabi ɗakin Gwaggo, rabi bakin gurbi. Amma gara kaɗai ba ta riƙe mai kwanci, hatsi take so, gidan kuwa ko ƙwaya babu sai ɗan irin da Nomau ya ajiye a gora don cike gurbin shukar da ba ta fito ba. Ban roƙe shi ba. Rana ta uku na ga zankon Wake-wake ya koma fari, na ɗaga ta na ji ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa. Da azahar na tarar da tafin gero a kan sakaina kusa da akurki, Nomau ya koma gona. Kullum haka har gorar ta ƙare. Gefen gonarmu na gabas shekarar nan fili ya zauna.

Ana gobe Juma'a ta huɗu na ɗumama ruwa a ƙwarya, daidai ɗumin jiki, na ɗauko su da sauri ina sakawa. A wannan matakin duk tasowa suke yi, abin dubawa shi ne motsi. Sai ka tsai da numfashi, ruwa ya kwanta. Mai rai sai ka ga ya yi ɗan rawa shi kaɗai, ruwa ya yi zobe. Takwas suka motsa. Biyu suka tsaya shiru, na jefar. Na tsane sauran na mayar.

Bakwai suka fito. Na takwas ya huda ɓawo ya gaji ya mutu a ciki. Ƴan zabi da sun bushe ba su zama, kamar ƙuma suke. Wake-wake ta miƙe a kansu tana rawar ƙafa. Na kawo mata nata huɗun, ban san ko za ta karɓa ba, don kaza takan sari ɗan da ba ta sani ba. Ta dube su, ta yi ƙaramin kira, suka shige. Ta ja su goma sha ɗaya zuwa gindin rumbu. Ta yi tono sau biyu sau uku, ta kira su su ci, ita ba ta ɗauki kome ba. Matan gari suka taru a bakin danga. Ba mai dariya ranar.

Kwana biyu ta yi tana jan su. Rana ta uku da hantsi na same ta a gefe, fiffike ɗaya a shimfiɗe, ƴaƴan suna hawa kanta suna sauka. Ba ciwon nan ba ne, na duba wuyanta da bayanta. Ƙarewa ta yi. Na ɗura mata ruwa, ya dawo ta gefen baki. Na aika gona a kira Nomau. Ya zo da gudu, ya duba idonta, ya ce in riƙe ƙafafun tun da sauran rai. Ya yi bisimilla ya yanka. Jinin bai cika tafin hannu ba.

Na fige ta na dafa da ɗan gishiri. Na kai wa Gwaggo nata a ƙoƙo. Ta lalubo ƙashin ƙirjin ta shafa shi da yatsa, ta daɗe tana shafawa.

"Na koya miki ƙwai, ban koya miki rashi ba," in ji ta. "Ni ma ban san shi ba sai bana. Ƙaro mini romo."

Na ƙara mata. Nomau ya ci nasa a tsaye ya koma gona. Ni ma na ci. Yunwa ake yi.

Da na wanke tukunyar, sai na ji su a gindin rumbu, su goma sha ɗaya, sun taru wuri ɗaya suna kuka, hadari kuma yana haɗuwa daga gabas. Na ɗauko masaki na kife su, na tattara su ciki, na kinkima zuwa ɗakin Gwaggo. Tana jin motsina ta fara kwance bakin zanenta.